Tsohon katin hoto ko sabo: wanne ya fi dacewa da kwamfutar wasa?

A shekarar 2025 kamfanin Nvidia na Amurka ya ba da sanarwar cewa bayan watan Oktoban shekarar zai daina fitar da manhajar da ke daidaita sababbin wasannin kwamfuta da katunan hotonsa na jerin GTX 900 da GTX 10.

Abin da ya rage wa waɗannan katuna, a cewar kamfanin, shi ne gyaran da ya shafi tsaro, wanda za a riƙa yi duk bayan wata uku har zuwa watan Oktoban 2028.

Wannan mataki dai ya shafi ɗimbin jama'a a duniya. Katin GTX 1060, wanda ya fito a 2016, ya shafe kusan shekaru biyar yana kan gaba a ƙidayar da dandalin sayar da wasanni na Steam ke yi a kowane wata, kafin wani kati ya sha gabansa a ƙarshen 2022. Har yanzu ana cinikinsa da ire-irensa a kasuwannin kayan hannu.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai son haɗa kwamfutar wasa, ko iyayen da aka matsa wa su saya, ita ce: shin a nemi tsohon kati mai ƙarfi a kan farashi mai rahusa, ko kuwa a ƙara kuɗi a sayi sabo ko da ƙarami ne?

Mene ne aikin katin hoto?

Hoton da ke bayyana a fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne masu launi. A fuska mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, adadinsu ya haura miliyan biyu. A wadda ake kira 4K kuwa sun haura miliyan takwas.

Idan ana kallon fim, an riga an ɗauki hotunan, nuna su kawai za a yi. A wasa kuwa babu hoton da ke ajiye. Duk lokacin da ɗan wasa ya juya ko ya buga ƙwallo, sai kwamfuta ta lissafa launin kowane ɗigo daga farko, kuma ana so ta yi hakan sau 60 a daƙiƙa guda domin motsi ya tafi sumul. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 30, sai a ga hoto yana cijewa.

Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tamkar ƙwararrun ma'aikata ne 'yan ƙalilan masu iya kowane irin aiki. Shi kuwa katin hoto, wanda ake taƙaita sunansa da GPU, kamar dubban leburori ne da ke yin ƙaramin lissafi iri ɗaya a lokaci guda. Wannan ne ya sa a harkar wasa shi ne sashen da ya fi tsada, kuma shi ya fi shan wuta.

Katin Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya fito a 1996, shi ne ya fara jawo hankalin masu wasa ga irin wannan na'ura. A 1999 Nvidia ya fitar da GeForce 256, a 2006 kuma kamfanin AMD ya sayi kamfanin ATI na Kanada. Tun daga lokacin kamfanonin biyu ke jan zarensu a kasuwar, har zuwa 2022 da Intel ya shigo da katunansa na Arc.

Yadda ake karanta lambar kati

Mutane da dama na ruɗewa da lambobin da ke jikin katunan, suna zaton duk wanda lambarsa ta fi yawa shi ya fi ƙarfi. Ba haka abin yake ba.

A katunan Nvidia, lambobi biyu na farko suna nuna zamanin da aka ƙera katin, biyu na ƙarshe kuma suna nuna matsayinsa a cikin sa'o'insa. GTX 1080 ɗan zamani na 10 ne mai matsayi na 80, wato yana cikin manya. RTX 3050 kuwa ɗan zamani na 30 ne, amma matsayinsa na 50, wato yana can ƙasa.

Shi ya sa RTX 3050 mai gigabait 6, wanda ya fito a 2024, bai kai GTX 1080 na 2016 ƙarfi ba, duk da tazarar shekaru takwas da ke tsakaninsu.

Tsohon babba da sabon ƙarami

Kwatancen da ya fi fito da batun fili shi ne na GTX 1080 Ti da RTX 4060.

GTX 1080 Ti ya fito ne a watan Maris na 2017 a kan dala 699. Yana da ma'ajiya mai gigabait 11, yana kuma shan wuta wat 250. A zamaninsa shi ne burin kowane mai wasa.

RTX 4060 ya fito a watan Yunin 2023 a kan dala 299, da ma'ajiya mai gigabait 8, yana shan wat 115.

A wasannin da ke amfani da tsohuwar hanyar zana hoto, ƙarfin katunan biyu yana kusa da juna. Ma'ana, abin da a 2017 sai mai hali ke iya saye, bayan shekaru shida an same shi a ƙasa da rabin kuɗin, da ƙasa da rabin wutar.

Sirrin hakan yana cikin ƙanƙantar tiranzista, wato ƙananan makunnan lantarki da ke cikin ƙwaƙwalwar katin. Ta GTX 1080 Ti na ɗauke da kimanin biliyan 12. Ta RTX 4060, wadda ba ta kai rabin girmanta ba, na ɗauke da kusan biliyan 19.

Ana iya kallon wannan kwatance ta ɗaya fuskar kuma. Kati mai shekaru da yawa a duniya yana iya goga kafaɗa da ƙanensa na baya-bayan nan, kuma masu cewa da tsohuwar zuma ake magani suna da hujja a nan. Matsalar tsohon kati ta fi yawa ne a wani wuri daban.

Iyakar da aka shata a 2018

A watan Agustan 2018, a birnin Kolon na Jamus, shugaban Nvidia Jensen Huang ya gabatar da jerin RTX 20. Abin da ya bambanta su da na baya shi ne wasu sassa biyu da aka ƙara a cikin ƙwaƙwalwarsu.

Sashe na farko aikinsa bin sawun haske. A tsohuwar hanya, masu ƙirƙirar wasa kan yi dabara ne su zana inuwa da ƙyalli yadda za su yi kama da gaske. A sabuwar hanya kuwa katin ne ke lissafa yadda haske ke fitowa daga fitila ko rana, ya bugi bango ko ruwa, ya dawo ido. Kamfanin AMD ya sanya irin wannan sashe a jerin RX 6000 a ƙarshen 2020.

Sashe na biyu na ƙirƙirarriyar basira ne, kuma da shi ake tafiyar da fasahar DLSS. Katin kan zana hoton da ɗigo kaɗan, wanda ya fi sauƙi, sannan basirar ta cike gurbin sauran har ya yi kama da wanda aka zana cikakke. Ta haka ƙaramin kati ke samun saurin da ya fi ƙarfinsa.

A shekarun farko bin sawun haske ado ne kawai, wanda ba ya so sai ya kashe shi. To sai dai lamarin ya fara sauyawa. Wasan Indiana Jones and the Great Circle na watan Disambar 2024, da Doom: The Dark Ages na watan Mayun 2025, an gina su ne kacokan a kan wannan fasaha. Mafi ƙanƙantar katin da suke nema shi ne RTX 2060 Super ko RX 6600.

Wato GTX 1080 Ti, duk da cewa ya fi RX 6600 ƙarfi a tsofaffin wasanni, ba ya cikin katunan da aka yi waɗannan wasanni biyu dominsu. Rage kyawun hoto ba zai taimaka ba, domin sashen da ake buƙata babu shi a jikinsa.

A nan akwai tarkon da ya kamata mai saye ya lura da shi. Katunan GTX 1650 da GTX 1660, da kuma RX 5700 na AMD, duk sun fito ne a 2019, amma babu wannan sashe a cikinsu. Shekarar fitowar kati kaɗai ba ta isa shaida ba.

Ko da yake tsofaffin katuna ba su da DLSS, ba a bar su haka nan ba. A 2021 AMD ya fitar da tasa fasahar mai suna FSR, wadda nau'o'inta na farko ke aiki har a katunan GTX 10, sai dai hotonta bai kai na DLSS tsabta ba.

Inda sababbin suka gaza

Kowane kati yana da tasa ma'ajiyar, inda yake jibge hotunan bango da tufafi da fuskokin da zai zana. Idan ta cika, sai ya koma neman aro daga ma'ajiyar kwamfuta, wadda ba ta kai tasa sauri ba, nan take wasa ya fara tsayawa yana tafiya.

A wannan fanni ci gaban bai taka kara ya karya ba. RX 580 na AMD, wanda aka sayar a kan dala 229 a 2017, yana da gigabait 8. RTX 5060 da ya fito a watan Mayun 2025 a kan dala 299 shi ma gigabait 8 gare shi.

Hasali ma an taɓa komawa baya. RTX 3060 na 2021 yana da gigabait 12, amma magajinsa RTX 4060 aka ba shi 8. A 2023 wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I sun nuna cewa gigabait 8 na iya yin kaɗan idan aka ɗaga kyawun hoto zuwa ƙarshe. Wannan ne ya sa RTX 3060 ya ci gaba da farin jini, ya kuma sa katin Arc B580 na Intel, mai gigabait 12 a kan dala 249, ya samu karɓuwa da ya fito a watan Disambar 2024.

Haka kuma akwai buƙatar taka-tsantsan da alƙaluman talla. Daga jerin RTX 40 zuwa sama, katin na iya ƙirƙiro hoto ya cusa tsakanin hotuna biyu na gaske, a jerin RTX 50 na 2025 kuma aka ƙara yawan waɗanda yake cusawa. Motsi kan yi laushi a ido, amma saurin da wasa ke amsa umarnin hannu ba ya ƙaruwa.

A bikin baje kolin kayan fasaha na Las Vegas a watan Janairun 2025, Mista Huang ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090 na dala 1,599. Da masu gwaji suka auna katunan ba tare da ƙirƙirarrun hotunan ba, sai aka ga RTX 4090 ya yi masa nisa.

Batun wutar lantarki

Inda ake da wuta mai arha kuma ba ta yankewa, ba kasafai ake damuwa da yawan wat ba. Ga wanda ya dogara da janareta ko batirin sola kuwa, wannan na iya zama abu na farko da zai duba.

RX 580 na shan wat 185, RTX 4060 kuma 115, alhali sabon ya ninka tsohon ƙarfi. Bambancin wat 70 ne.

A ɗauka mai shagon wasa yana da kwamfuta goma da ke aiki awa goma a rana. Bambancin zai kai kilowat-awa 7 a rana, wato 210 a wata. A farashin naira 225 kan kowane kilowat-awa da aka sanar wa masu rukunin Band A a Najeriya a watan Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira dubu 47 a wata. Rahusar da aka samu wajen saye tana iya ƙarewa a kuɗin wuta.

Duk wutar da kati ya sha kuma zafi take komawa. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a watan Afrilu, ko lokacin da ƙurar hunturu ta toshe fankokinsa, kati kan rage gudu da kansa don kada ya ƙone.

Ba kowane sabon kati ne mai tsimin wuta ba. RTX 4090 na shan wat 450, RTX 5090 na 2025 kuma 575. Tsimin yana ga ƙanana da matsakaita.

Kasuwar kayan hannu

Akasarin tsofaffin katunan da ake samu a wurare irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko a hannun masu talla ta intanet, an yi amfani da su a wata ƙasa kafin su iso. Sanin irin aikin da suka yi yana da muhimmanci.

A 2017, da kuma 2021, masu haƙar kuɗin kirifto, musamman Ethereum, sun yi ta wawure katunan hoto har farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsarinsa, aka daina haƙarsa da kati, sai katunan suka kwararo kasuwa. RX 580 da GTX 1060 da jerin RTX 30 na cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Katin da ya yi wannan aiki ba lallai ne ya lalace ba, amma ya shafe watanni ko shekaru yana aiki dare da rana. Fankokinsa sun gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe, ma'ajiyarsa kuma ta sha zafi.

Akwai kuma na jabu. An sha kama katunan da aka rubuta wa GTX 1050 Ti, alhali a ciki tsohon GTS 450 ne na 2010 da aka sauya wa suna. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar China, ƙarfinsa kuma na RX 570 ne.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a sa katin a kwamfuta a gaban mai saye, a duba shi da manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce kuma takan tona asirin na jabu da dama. Sannan a kunna wasa mai nauyi na akalla rabin awa, ana lura da zafinsa da ƙarar fanka, da ko wasu ɗigo ko layuka na bayyana a hoto. A kuma nemi sharaɗin mayarwa na 'yan kwanaki, domin tsohon kati ba shi da garantin kamfani.

Kati ba ya aiki shi kaɗai

Sanya sabon kati a tsohuwar kwamfuta ba kullum yake biyan buƙata ba. Idan furosesa ba ta da sauri, katin zai riƙa zaman jiran ta, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Katunan Arc na Intel na buƙatar wani tsari mai suna Resizable BAR, wanda babu shi a tsofaffin kwamfutoci da yawa, kuma in babu shi ƙarfinsu kan ragu sosai.

Sai kuma akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar. Tsohon babban kati kamar GTX 1080 Ti na buƙatar akwati mai ƙarfi da wayoyi biyu na musamman. Kwamfutocin ofis da ake sayarwa na hannu galibi ba su da waɗannan wayoyi. A irinsu, ƙananan katuna masu shan wat 75 ko ƙasa, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, su ne ke shiga ba tare da an sauya komai ba, muddin akwai wurin da za su zauna.

Me ya sa farashi ya ƙi sauka?

A da, fitowar sabon zamani kan karya farashin na baya. Yanzu abin ya ragu, domin masu wasa sun daina zama manyan abokan cinikin kamfanonin.

A shekarar kuɗin Nvidia da ta ƙare a watan Janairun 2025, kamfanin ya samu kimanin dala biliyan 115 daga na'urorin manyan cibiyoyin sarrafa bayanai, waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su. Abin da ya samu daga ɓangaren wasanni bai wuce dala biliyan 11 da 'yan kai ba. A ƙarshen 2025 wannan buƙata ta sa farashin ma'ajiyar kwamfuta ya yi tsalle a duniya.

Ga mai saye a Najeriya kuma akwai ƙarin nauyi, ganin yadda darajar naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023, alhali da dala ake shigo da kayan.

To wanne za a saya?

Amsar tana farawa ne daga irin wasan da ake son yi. Kowane wasa yana bayyana mafi ƙanƙantar katin da yake buƙata, kuma duba wannan ba ya cin ko kwabo.

Wanda burinsa wasan ƙwallon ƙafa ne, ko GTA V, ko Counter-Strike 2, tsohon kati zai wadatar da shi. Wasan EA Sports FC 24, alal misali, GTX 1050 Ti na 2016 ya nema a matsayin mafi ƙanƙanta. Haka ma wanda ya riga ya mallaki GTX 1070 ko 1080 Ti, kuma wasanninsa na tafiya lafiya, babu abin da zai sa shi gaggawa. Daina sabunta manhaja ba ya kashe kati, illa dai idan sabon wasa ya zo da matsala, babu mai gyara masa.

Wanda kuwa zai fitar da kuɗi yanzu, yana kuma fatan yin wasannin da za su fito nan da shekaru uku ko huɗu, bai kamata ya sayi abin da ke bayan iyakar 2018 ba. Mafi ƙaranci shi ne jerin RTX 20 ko RX 6000, da ma'ajiyar da ba ta gaza gigabait 8 ba, in da hali 12.

A tsakanin tsoho tukuf da sabo fil akwai matsakaita, irin su RTX 3060 mai gigabait 12 da RX 6600 da RX 6700 XT, waɗanda ke da sassan da sababbin wasanni ke nema, ana kuma samunsu na hannu. Ga mai ƙaramin ƙarfi, a nan ne kuɗinsa zai fi yi masa aiki, matuƙar ya gwada katin da idonsa kafin ya biya.